Sunanka a Littafin Sunduƙ

Harra ta Gabas, Madina
Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Mu'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Jubail lafiya, ya tsare ka a masauki da wurin aiki, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da abokan zama na kirki. Ummanka tana gaishe ka. Ita ce ta cusa takardar a ƙarƙashin kayanka, ba tare da ta san rabin abin da ke cikinta ba.

Na rubuta da Hausa, da bokon nan da na tilasta maka koya kana ƙarami a kan tsoffin jaridun da alhazai ke naɗo kaya a ciki. Na san za ka sha wahalar karatun, ka bi shi a hankali. Abokan ɗakinka ba za su iya karantawa ba, kuma haka nake so. Ban da wannan, na gwada rubuta maka da Larabci har sau biyu, sai ya riƙa fitowa kamar rahoton da zan miƙa wa edita. Shekarun da na yi a gidan jarida sun koya wa hannuna ɓoyewa a cikin Larabci. A Hausa ba ni da wurin ɓuya.

Ka san Sunduƙ, asusun ajiyar unguwarmu da ofishinsa ke ɗakin da ke jingine da bangon masallaci. Ka san an rufe shi, kotu ta naɗa wani akanta ya karɓi littattafansa da dukiyarsa, wanda mutane ke ce wa harisi. Abin da ba ka sani ba shi ne, a cikin littafin da ke hannun harisin akwai shafi mai ɗauke da sunanka da lambar bitaƙarka, katinka na ɗan ƙasa. Nan da kwanaki kaɗan takarda za ta biyo ka, a nemi ka sa hannu. Kada ka sa. Sauran wasiƙar nan bayanin dalili ne, da bayanin yadda mahaifinka ya kai ka wannan wuri.

Kana aji uku na firamare aka kafa Sunduƙ. Mutanenmu na gudun banki saboda tsoron riba, wasu kuma ko sun je bankin ba zai karɓe su ba. Alhaji Sani, wanda ya zama ma'aji, ya ce a tara kuɗi wuri ɗaya a juya su ta hanyar halal, a raba riba duk shekara. Liman ne ya buɗe taron farko da addu'a. Da aka tsara takardar ƙa'idoji sai aka kawo mini, tunda ni ne ɗan jaridar unguwa, in gyara musu Larabcinta. Kwana biyu na yi a kanta. Na daidaita jimloli, na rage maimaici, na mayar musu da ita fes.

A taron da harisi ya kira bayan rufewar, ya ɗauko wannan takarda ya karanta mana sakin layinta na ƙarshe. Masallaci da limaminsa da kwamitinsa ba su da alhakin komai a kan kuɗin masu ajiya. Ina zaune a layi na biyu na gane jimlar, domin ni na goge ta har ta yi kyau. Wani tsohon tela ɗan Sudan ya miƙe yana dogara da sanda, ya ce, "Ya ustaz, ni ban gane ba. To masallacin fa? Ni a masallaci na ajiye." Harisi ya cire tabarau ya ce masa, "Ya ammi, masallaci wurin salla ne. Kai a ɗakin da ke gefensa ka ajiye." Tsohon ya juyo ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Shi ma limamin, kuɗin gadon matarsa na ciki.

Na karanta takardar nan ina duban haruffa, ban tambaye ta abin da take nufi da ni ba. Kai kuwa, duk takardar da aka miƙo maka, ka fara karanta ta daga ƙasa, inda rubutu ke ƙanƙancewa. Idan batun kuɗi ne, ka tambayi inda za a kai su, ka tambayi wanda zai biya ka ran da suka salwanta, ka sa a nuna maka sunansa a rubuce. Wanda ya amsa maka da "ka ji tsoron Allah, ba ka yarda da mu ba ne?" bai amsa tambayarka ba. Sahun gaba da mutum ke tsayawa shaida ce a kan sallarsa, ba ta nuna ya iya juya dukiyar mutane.

Kuskure na biyu ya shigo ne ta ƙofar kicin. Ba zan rubuta sunanta ba, ka san wadda muke ce wa Iya Mai Na'ana'a, wadda ke shimfiɗa buhu a bakin rumfunan Uhudu tana sayar wa baƙi na'ana'a da busasshen fure. Daga Cadi ta zo aikin hajji tun ba a haife ka ba, ta zauna, ba ta taɓa samun iƙama, takardar izinin zama, ba. Kuɗinta a gwangwanin madara take tarawa. Wata rana aka fasa ɗakinta tana kasuwa aka ɗauke gwangwanin. Ta zo wurin Ummanka ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa cewa, "Shekara huɗu, Hajiya. Shekara huɗu a rana." Sunduƙ ba ya buɗe wa mutum shafi sai da bitaƙa ko iƙama. Ina daga falo na ɗaga murya na ce, "Iya, ki riƙa kawowa, a zuba a sunana."

Ita ta gaya wa wata, watan ta gaya wa wata, har suka kai tara. Masu sayar da tasbaha, masu wanki a gidajen mutane, da ɗaya mai kitso. Duk Alhamis bayan la'asar sukan zo da riyal a dunƙule, takardun suna ƙanshin na'ana'a da turare, in warware su in rubuta a ɗan littafina. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don Allah nake yi. Akwai don Allah a ciki, ba zan musa ba. Amma ina jin daɗin yadda suke cewa, "Malam Idi ai ya fi banki." Nakan ji wannan magana in yi kamar ban ji ba, alhali ita nake jira.

Yanzu ga abin da taimakona ya jawo musu. Harisi ya ce abin da ya rage a hannu zai fara rabawa ne bisa suna, kowane suna a ba shi abin da bai wuce riyal dubu ashirin ba, saura kuma sai ran da aka sayar da gine-ginen da Sunduƙ ya saya, in sun sayu. Babu ko ɗaya cikin matan nan da ajiyarta ta kai dubu ashirin. Da kowace na da shafinta, da dukansu sun karɓi kuɗinsu cif. Da yake na tattara su a ƙarƙashina, littafi bai san da su ba. Babban mai ajiya ɗaya yake gani, shi ne Idrisu.

Kai ɗan ƙasa ne, Mu'azu, kana da bitaƙa da albashi, kuma Bahaushe ne. Kafin ka cika wata uku a Jubail wani namu zai same ka. Zai ce ka buɗe masa shago da sunanka, ko ka karɓar masa mota, ko ka bari a turo masa kuɗi ta asusunka. Ba mugu ba ne, matsuwa ce, kuma zai kira ka ɗan'uwa da gaske. Ka ba shi daga aljihunka abin da za ka iya rasawa. Ka raka shi ofis, ka cike masa takarda, ka yi masa tafinta. Sunanka kuwa ka riƙe abinka. Ran da abu ya lalace, shi ba ya cikin takarda balle ya nemi haƙƙinsa, kai kuma ba za ka iya nema masa ba sai ka tona shi.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni kunya a gaban sana'ata. Na ga abin yana zuwa. A ofis ni ke fassara labaran ƙasashen waje. Wata safiya aka ajiye mini wani gajeren labari daga Turai: wata ƙungiyar ajiya ta mabiya wani coci ta kasa biyan mutanenta, an damƙa ta a hannun mai kula. Masu ajiyar tsofaffi ne da manoma da zawarawa. Dukansu sun ɗauka cocin na tsaye a bayan kuɗinsu, sai ranar suka ji ba haka ba ne. Manya da suka ji ƙishin-ƙishin sun riga sun kwashe nasu, ƙanana suka tarar da ƙofa a rufe. In ka cire coci ka sa masallaci, unguwarmu ce. Edita ya leƙo ya ce, "Rage shi, mu me ya haɗa mu da wannan?" Na rage shi zuwa layi shida.

A lokacin na riga na san Sunduƙ ya zuba kuɗi a filaye da hannun jari da suka faɗi. Na san 'yan kasuwa biyu na unguwa sun janye nasu a mako guda. Washegari na cike takardar janyewa, ta dukan kuɗin, na sa a aljihu na tafi sallar azahar. Da aka sallame na bi Alhaji Sani zuwa ɗakin. Ya kama hannuna da hannuwansa biyu, ya ga bakin takardar ya leƙo daga aljihu. Ya ce, "Har da kai, Malam Idi? In kai ka janye, gobe unguwa duka za ta yi layi a nan. Kai ne fa mutane ke kallo." Sai na ji kaina ina cewa, "Haba Alhaji, gaisuwa ce ta kawo ni." Muka sha shayi. Ya tambayi karatunka. Na dawo gida da takardar a aljihu. Bayan kwana goma sha ɗaya aka sa wa ƙofar kwaɗo.

Har yau ban sani ba ko Alhaji Sani ya san ƙarshen ya zo, ko shi ma fata yake yi. Ba shi nake tuhuma a nan ba. Kunya ce ta hana ni, kuma da kuɗin Iya na biya ta. In abinka ne, kana da damar jin nauyin mutum ka bar masa. In amana ce a hannunka, ba ka da wannan dama. Ka faɗi abin da ya kawo ka ko da muryarka na rawa, ko da mutumin ya daina gaishe ka.

Na bar mafi muni a ƙarshe, ko da yake ya riga na ukun faruwa. Sunduƙ yana da iyakar abin da suna ɗaya zai riƙe, kuma shafina ya cika. A shekarar ce ka karɓi bitaƙarka. Wataƙila ka tuna ranar da na ɗauko ka daga makaranta, na tsaya a gefen titi na miƙo maka takarda. Ka ce, "Abuya, esh hada?" wato Baba, mene ne wannan. Na ce, "Sa hannu kawai, Ummanka na jiran mu." Ka ɗora ta a gwiwarka, ka zana sa hannun nan da ka yi wata guda kana gwadawa a bayan littafin lissafi, mai doguwar jela. Ka ɗago kana murmushi ka ce, "Ya yi kyau?" Na ce ya yi. Shi ne karo na farko da ka sa hannu a takardar gaske, kuma ban gaya maka ko ta mece ce ba. Kuɗin mata huɗu daga cikin taran suna wannan shafi.

Ba ni da nasihar da zan ɗora a kan wannan, sai roƙo. Ka yafe mini. Idan Allah ya ba ka ɗa, kada ka ari yardarsa ka biya bukatarka, ko da bukatar ta alheri ce.

Takardar da harisi ke aika wa kowa tana da rantsuwa a ciki: kuɗin nan nawa ne ni kaɗai, babu haƙƙin kowa a cikinsu. Alhaji Sani ya kira ni shekaranjiya. Ya ce, "Abin ai mai sauƙi ne. Kai ka sa hannu, yaro ya sa hannu, ku karɓi dubu arba'in ku raba wa bayin Allah. Wa zai sani?" Na kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ga littafin a teburin harisi, na ga ya zagaye shafinka da jan biro. Mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya. Ya tambaye ni, "Ɗanka yana sakandare ya tara dubu hamsin? Masha Allah. Wace sana'a yake yi?" Na ce zan dawo masa da bayani. Idan ka rantse, tambayar nan kai za a yi wa, a gaban alƙali, a watanka na farko a kamfanin da ke binciken takardun ma'aikatansa. Kuma ko da babu jan biro, rantsuwar ƙarya ce.

Akwai hanya ta biyu, ita ce in kai wa harisi ɗan littafina in ce ga masu kuɗin na gaskiya. Ya nuna mini cewa in an tabbatar, kowace za ta iya karɓar nata. Sai dai tabbatarwa na nufin kowace ta bayyana da kanta da takardunta, kuma abin da ya shiga fayil ɗin kotu ba ni da iko a kan inda zai ƙare. Na hau mota na tafi Uhudu na sami Iya a kan buhunta. Na tsuguna na yi mata bayani da ƙaramar murya, baƙi na wucewa ta kanmu. Ta saurara har na gama, tana ɗaure na'ana'a da zare. Ta ce, "Wato in na karɓi kuɗina, jawazat, 'yan shige da fice, za su san da ni." Na ce mai yiwuwa ne. Ta ce, "Su sa ni a jirgi." Na ce ban sani ba, Iya. Ta ajiye zaren. Ta ce, "Malam Idi, dube ni da kyau. Wa na sani a Cadi yanzu? Duk wanda na sani yana ƙarƙashin ƙasa. Ni mutuwa na zo yi a Madina, kuma na kusa. Ka bar musu kuɗin. Ka rufa mini asiri kada bakinka ya ambaci sunana." Sannan ta ɗaga murya ta ce wa wani baƙo, "Riyal biyu, hajji, riyal biyu!" kamar ba mu yi maganar komai ba.

Kuɗin da take tarawa ne don a yi mata aikin ido, Mu'azu. Na dama ya riga ya rufe.

Ga abin da na yanke. Ranar Asabar da safe zan koma wurin harisi. Zan gaya masa cewa ni na buɗe shafinka kana yaro, ba ka san abin da ka sa wa hannu ba, kuma ko riyal ɗaya a ciki ba naka ba ne. Na rubuta hakan na sa hannu, kwafi ɗaya yana wurin kawunka. Zan gaya masa cewa yawancin abin da ke shafukan biyu amanar mutane ce, kuma ba zan faɗi sunayensu ba. Ɗan littafin ba ya gidan nan. Ban san abin da zai biyo baya ba. Wataƙila a haɗe shafukan a ba ni ashirin ɗin. Wataƙila a riƙe duka. Wataƙila a ce na yi wa marasa iƙama rufa-rufa, wannan kuwa laifi ne mai tara, yana iya kai wa ga tsarewa, yana iya cin aikina ana saura shekara biyu in yi ritaya. Na karanta dokar, wannan karon daga ƙasa na fara. Ina jin tsoro. Tun da aka rufe ɗakin nan, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa ta taga. Ina gaya maka ne don kada ka zaci ƙarfin hali ne ya sa na zaɓi wannan. Sauran hanyoyin ne suka fi ba ni tsoro.

Saura abu ɗaya, kuma ya shafe ka kai tsaye. Filin Harra ta Yamma, wanda na nuna maka na ce a nan za ka gina gidan aurenka, na sa shi a kasuwa. Dillali ya ce abin da zai kawo zai kusa rufe kuɗin matan tara. Nawa da ke cikin Sunduƙ ba na lissafa shi. Na san ka riga ka zana inda za ka sa majalisin baƙi da inda mota za ta tsaya. Na yi maka alkawari na karya, bayan na ari sunanka ban tambaye ka ba. Idan ka yi fushi, kana da gaskiya, ka yi fushinka ka kira ni ka faɗa mini, da Larabci ma in ya fi maka sauƙi. Jiya da muke cin abinci na buɗe baki sau uku in gaya maka, na ga kana ta ba ƙannenka dariya da labarin hular kwanon da za a ba ka a wurin aiki, na kasa. Ka ga har yanzu ban gama warkewa daga ciwon da na ba ka labari ba.

Idan takardar ta iso, ka rubuta a bayanta cewa ba ka da masaniya a kan wannan ajiya, a tuntuɓi mahaifinka. Idan aka kira ka aka tambaye ka, ka faɗi abin da ka sani kawai: mahaifina ya miƙo mini takarda a mota, na sa hannu. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya don ka kare ni. Sunayen matan ba ka san su ba, kada ka nemi sani. Idan Alhaji Sani ko wani daga unguwa ya kira ka da daɗin baki, ka gaishe shi da ladabi ka ce magana na wurin Abuya. Ka kira ni ranar Asabar bayan la'asar. In wayata ba ta shiga ba, kada ka kira Ummanka ka tayar mata da hankali, ka kira kawunka, kuma kada ka baro aikinka ka taho. Zamanka a can da suna mai tsabta shi ne abin da nake ƙoƙarin saya.

Allah ya tsare ka daga gabanka da bayanka. Ya tsare hannunka daga abin da zai dame ka, ya sa albarka a albashinka na farko da na ƙarshe, ya ba ka ƙarfin cewa a'a ga wanda kake jin nauyi. Ya rufa wa bayinsa tara asiri, ya cika wa Iya burinta a garin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka sa ni a addu'arka ranar Juma'a.

A aljihun gefe na jakarka akwai leda mai ɗaurin na'ana'a. Iya ce ta ba ni ranar da na je Uhudu, bayan duk abin da na gaya mata. Ta ce ta ji yaronta zai yi tafiya, kuma mutanen gabas ba su iya shayi ba. Na ciro riyal biyu, ta ture hannuna. Ka fito da ita ka shanya kafin ta lalace.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Idrisu